Ɗan kunnen da ke amsa kiran rediyo: me zai yi wa makiyayi da ɗan kasuwar kan iyaka?

 Ga bayanin shirin da muka gabatar a kan ɗan kunnen nan na roba da ake maƙala wa dabbobi. Da yawa daga cikinku sun ce mu sa shi a takarda, tunda maganar rediyo in ta wuce ta wuce, ba a ce mata dawo.

Tambayoyi biyu ne suka ta da zancen. Wani makiyayi daga wajen Dakoro ya bugo waya ya ce ya ga shanu a kara da ɗan kunne rawaya, dillali kuma ya ce masa ko an sace saniyar an kai ta Legas, mai ita zai riƙa ganinta a wayarsa. Sai wani ɗan kasuwa mai ɗauko kaya daga Kwatano ya ce shi kuma ya ɓare takardar farashi a jikin wata riga, ya ga wani zane mai ƙyalli kamar azurfa da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya, har gabansa ya faɗi, ko na'urar leƙen asiri ce. To, abin da makiyayi ya gani da abin da ɗan kasuwa ya ɓare duk dangi ɗaya ne. Turawa na kiransa RFID, wato gane abu ta hanyar igiyar rediyo. Mu a nan za mu riƙa ce masa tambarin rediyo. Dillalin nan kuwa, Allah Ya ba shi haƙuri, ya ƙara gishiri.

Yadda yake aiki

Abubuwa biyu ne kawai a cikin tambarin. Akwai ƙwayar lantarki da ba ta kai ƙwayar gero ba, sai kuma siririyar waya da aka naɗe ko aka shimfiɗa a kewayenta, ita ce eriya. Ba batir a ciki. Ba layin waya. In ka ajiye shi a aljihu shekara goma, shiru zai yi, ba ya aika komai ko'ina.

Sai an kawo masa na'urar karantawa kusa. Ta dabbobi yawanci kamar sanda take, ta kaya kuma kamar ƙaramar bindiga ko kamar ƙofa da ake wucewa ta ciki. Na'urar tana fitar da igiyar rediyo, eriyar tambarin ta tsotsi ɗan ƙarfi daga igiyar, ƙwayar ta farka na ƙiftawar ido, ta faɗi lambarta, ta koma barci. Ku ɗauki madubi a ɗaki mai duhu. Madubi ba shi da wutar kansa, amma in ka haska shi da tocila sai ya maido maka da haske. Ka kashe tocila, ya koma duhu.

Makiyayi ya fi kowa saurin gane wannan. Kana tsaye a bakin garke ka kira saniya da sunanta, ta ɗago kai ta amsa. In ba ka kira ba, ba ta amsawa. In kana Maraɗi ita tana Zariya, ko ka tsage maƙogwaro ba za ta ji ba. Tambarin dabba ma haka yake, sai dai shi kunnensa bai kai na saniya ba. Da sandar hannu, sai an matso taku ɗaya ko ƙasa da haka. Da babbar na'urar da ake kafawa a jikin shinge, abin bai cika wuce mita ɗaya ba.

Ita igiyar kuwa 'yar uwar wadda ke kawo muku muryarmu ce. Tashoshin FM suna tsakanin megahaz 88 da 108. Tambarin dabbobi yana can ƙasa sosai, a kilohaz 134.2. An zaɓi wannan ne don igiya ta ƙasa ba ta damu da nama, ko jini, ko taɓo, ko kashin shanu ba, ratsa su take yi. Tambarin kayan kanti kuma yana sama, tsakanin megahaz 860 da 960. Shi ana karanta shi daga nesan mita da dama, kuma ana karanta ɗaruruwa a lokaci guda, amma ruwa na shanye igiyarsa, ƙarfe kuma na karkatar da ita. Akwai na tsakiya, a megahaz 13.56, wanda da yawanku kuna yawo da shi ba ku sani ba: shi ne a cikin fasfo na zamani, shi ne kuma a katin banki irin wanda ake ɗorawa a kan na'ura ba sai an zura ba.

Abin ba sabo ba ne. Tun Yaƙin Duniya na Biyu ake sa wa jiragen yaƙi wata na'ura mai amsa kiran rediyo don a bambance na gida da na abokan gaba. A shekarun 1970 masana a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka suka yi aiki a kan ƙananan irinsa, kuma shanu na cikin abubuwan farko da aka yi niyya da shi. Ka ga ashe saniya ta daɗe a cikin zancen.

Ɓangaren 'yan kasuwa

Kowa ya san zanen nan na layi-layi baƙi da fari da ke jikin kwalin sabulu ko madara. Shi sai an juyo da shi, an haska shi, ɗaya bayan ɗaya. Kuma duk kwalin madara iri ɗaya lambarsu ɗaya ce. Tambarin rediyo ya bambanta ta fuska biyu: ba sai an gan shi ba, ana karanta shi ta cikin katan ko dila, sannan kowane guda da lambarsa. Riga dubu iri ɗaya, lamba dubu.

Wanda ya taɓa kwana yana ƙidayar kaya a sito ya san darajar wannan. Yaro ya ce dila arba'in, takarda ta ce arba'in da biyu, direba ya rantse bai tsaya ko'ina ba. Da tambari, mutum ɗaya zai ratsa sito da na'ura a hannu, kafin shayi ya huce ya san abin da ke akwai da abin da ya ɓace. In akwai na'ura a ƙofar lodi da wata a ƙofar sauke kaya, za a san ko kayan sun cika da suka tashi, a san kuma ko sun cika da suka iso. Ba zai gaya maka wanda ya ɗauka ba. Zai dai rage maka wuraren da za ka yi zargi, kuma ya wanke wanda bai ci ba.

A 2003 kamfanin Walmart na Amurka, wanda ya fi kowa manyan kantuna a can, ya ce wa manyan masu kawo masa kaya guda 100 su sa tambari a katan-katan da tarin kayansu kafin Janairun 2005. Duniya ta ɗauka, aka ce zanen layi-layi ya mutu. Abin bai tafi yadda aka zata ba. Tambarin na da tsada a lokacin, na'urori na kasa karanta kayan gwangwani da na ruwa, masu kawo kaya kuma suka yi ta ƙorafi cewa su ne ke biyan kuɗin, mai kanti ne ke cin amfanin. Sai daga baya, da farashi ya sauko, abin ya zauna da gindinsa a harkar tufafi da takalma, inda babu ruwa babu ƙarfe. Yau kamfanoni irin su Zara da Uniqlo da Decathlon suna sa shi a jikin kayansu ɗaya-ɗaya. Shi ne abin da ɗan kasuwarmu ya ɓare. Kayan da suka yi kwantai a kantunan waje, ko gwanjo, sukan iso nan da tambarinsu a jiki. Lamba ce kawai a ciki, ba ya jin magana, ba ya ɗaukar hoto. In ya dame ka, cire shi ka yar.

To mai shago a Jibiya ko Ƙonni ya saya? Ra'ayinmu, in kayanka buhunan masara ne, ko jarkoki, ko katan ɗin tumatir na gwangwani, bar shi tukuna. Tambarin takarda ɗaya ba shi da tsada in an saya da yawa, amma na'urar karantawa da kwamfuta da wanda zai kula da su suna cin kuɗi, kuma ribar buhu ɗaya ba ta ɗauka. Mai manyan dilolin atamfa da shadda, ko mai sito da kayansa ke yawan ɓata tsakanin tasha da shago, shi yana iya zama ya yi lissafi.

Direbobi kuma sun tambaya a kan kwaɗon lantarki da kwastan, ko duwan in ji mutanen Nijar, ke ɗaura wa kwantena a wasu ƙasashe. Wannan wani abu ne dabam. Irin wanda Kenya da Uganda da Ruwanda suka haɗu suna amfani da shi tun 2017 a hanyar da ta taso daga tashar ruwa ta Mombasa yana da batir, yana da GPS, yana aika saƙo ta layin waya. Shi kam ana ganin mota a taswira tana tafiya, in an taɓa kwaɗon ya kai ƙara. Yana da girma, yana da tsada, ana cire shi in an kai a ɗaura wa wata motar. Kada a haɗa shi da ɗan kunnen saniya.

Abin da ke cikin ɗan kunnen

Lamba 15 ce. Shi ke nan. Babu sunanka, babu garinka, babu tarihin allurar da aka yi wa saniyar. Ƙa'idar duniya da ake bi, mai lamba ISO 11784 da 11785, ta ce uku na farko su nuna ƙasa: Najeriya 566, Nijar 562, Cadi 148, Kamaru 120, Benin 204. Sauran goma sha biyun na dabbar ce ita kaɗai, ba a maimaita wa wata.

Ga wani abu da ya kamata ku riƙe. In ka ga lambar ta fara da 9, wato ɗari tara da wani abu, wannan lambar kamfanin da ya ƙera ce, ba ta ƙasa ba. Ba jabu ba ne, yana aiki. Amma in wani ya zo rugarka da irinsa yana cewa gwamnati ce ta aiko shi, yana karɓar kuɗi, to ka sa shi ya nuna maka takarda, ka kuma tambayi malamin dabbobin yankinku.

Tunda lamba ce kawai, ina sauran bayanin yake? Yana cikin kundi, wato rumbun bayanai a kwamfutar wani ofis ko wani kamfani. A can ne aka rubuta cewa lamba kaza karsana ce, bunaji, ta wane, an haife ta wuri kaza, an yi mata allurar ciwon huhu ran kaza, an sayar da ita ga wane. In babu kundin, ko akwai shi amma ba a sabunta shi, ɗan kunnen nan ado ne kawai. Tsagar kunne da lalas da kakanninmu ke yi ma sun fi shi, don su ko ba na'ura mutanen yanki sun san na gidan wane ne.

Me ya sa ƙasashe suka shiga wannan wahala? Cuta da kasuwa. Bayan ciwon haukan shanu ya ɓulla a Ingila a 1986, aka kuma gano a 1996 cewa yana iya kama mutum, Turai ta ce duk naman da za ta ci sai an iya bin sawunsa daga faranti har garken da aka haifi dabbar. Ta kafa doka a kan haka a 2000. Daga nan duk mai son sayar wa Turai nama sai ya bi. Ostireliya ta wajabta tambarin lantarki ga shanunta a 2005. Turai da kanta ta wajabta shi ga tumaki da awaki daga 2010. Amurka ta daɗe tana jan ƙafa saboda masu shanu sun ƙi, sai a Nuwamban 2024 dokar ta fara aiki, ita ma a kan wasu rukunin shanu ne masu tsallaka jiha zuwa jiha. Ka ga ba makiyayin Afirka kaɗai ke tsoron a san yawan dukiyarsa ba.

Ƙasar da ake yawan ba da misali da ita ita ce Yurugwai a Kudancin Amurka, inda shanu suka ninka mutane wajen sau uku. Ciwon baki da ƙafa ya rufe mata kasuwanni a 2001. Daga 2006 ta fara sa wa kowane maraƙi ɗan kunne biyu, ɗaya na gani da ido, ɗaya na lantarki, gwamnati ce kuma ke ba da su kyauta. Amma a lura, shanun Yurugwai a cikin shinge suke, kowace gona da lambarta. Ba sa tashi daga Abalak su yi rani a Neja.

Wadda ta fi kama da mu ita ce Botsuwana, can kudancin Afirka, don yawancin shanunta na ƙananan makiyaya ne masu kiwo a fili ɗaya da mashaya ɗaya. Ita a farkon shekarun 2000 ba ɗan kunne ta zaɓa ba. Wani dunƙule ne na tangaran mai nauyin kimanin giram 70, da ƙwayar a ciki, ana ɗura wa saniya ta baki ya sauka ya zauna a sashen tumbi mai kama da saƙar zuma, ba ya fita sai ran yanka. Dabara ce mai kyau a kan ɓarawo, tunda ba a gani balle a yanke. Sai dai ma'aikatan gwamnati ne kaɗai ke ɗurawa, su ne kaɗai ke da na'urar karantawa. Makiyayi na son sayar da sa don biyan kuɗin makaranta, sai ya jira ma'aikaci. Ma'aikaci ya zo, na'ura ta lalace. An karanta, bayanin bai isa babbar kwamfuta a kan lokaci ba. A 2011, bayan masu binciken Turai sun duba tsarin sun ga giɓi, aka dakatar da kai naman Botsuwana can na tsawon watanni, farashi ya faɗo a kan kowa. Daga baya ƙasar ta koma ɗan kunne, wanda mai shanu zai saya ya maƙala da kansa. Dunƙulen bai yi laifi ba, yana can cikin tumbi yana amsa kira. Mota da na'ura da ma'aikaci da sabunta kundi ne suka gaza.

Batun sata

Nan ne zuciyar kowa take, mun sani. Wanda aka kore wa garke cikin dare a Zamfara ko Katsina ko kudancin Maraɗi ba ya neman labarin Turai, shanunsa yake nema. To gaskiya ɗaya ce: ɗan kunnen ba zai nuna maka inda suke ba. Kuma ɓarawo da reza zai cire shi kafin gari ya waye.

Inda yake da amfani shi ne wajen sayarwa. Ɓarawo ba don ya yi kiwo yake sata ba, mafi yawa kara za a kai, ko mahauta. A ce kowace babbar kara, irin su Maigatari da Illela da Mai'aduwa da Potiskum da Mubi da takwarorinsu na Nijar da Cadi da Kamaru, tana da na'ura a ƙofa, kowace babbar mayanka ma haka, kuma doka ta ce ba a loda dabba a tirela sai an karanta ta. A nan saniyar da aka kai rahoton satarta za ta tona kanta da kanta. Wadda aka yanke wa kunne kuma ta zama abin tambaya, farashinta ya karye, dillali ya ji tsoron taɓa ta. Sata ta rage riba.

Amma ku dubi “a ce” nawa muka jera. In kara biyar na karantawa, hamsin ba sa yi, ɓarawo ya san inda zai nufa. In wannan gefen na karantawa wancan ba ya yi, tafiyar dare ɗaya ta wanke saniyar. Kundin Najeriya sai ya iya magana da na Nijar, kuma wannan aikin hukumomi ne, ba na na'ura ba. Tun 1998 ƙungiyar ECOWAS, ko CEDEAO, ta fito da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, mai ɗauke da yawan garke da allurai da hanyar da za a bi. Makiyaya nawa ne a cikin masu saurarenmu suka taɓa riƙe ta? Ga shi kuma tun Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar. Duk wanda zai yi maka alƙawarin cewa ɗan kunnensa na aiki a ƙasashe biyu, tambaye shi wa ke karantawa a wancan gefen.

Su masu GPS da ake rataya wa dabba a wuya, waɗannan kam suna nuna wuri. Suna buƙatar caji ko hasken rana, da sabis, ko rezo, da kuɗin wata-wata. Masu hali kan sa wa shanu biyu ko uku da ke jan garke. Ɓarawon da ya san su kuwa su yake fara tsinkewa.

Kundin wa?

Akwai abin da masu kawo waɗannan tsare-tsare ba su cika tunawa ba. Takardar rajista tana da gurbi ɗaya: sunan mai dabba. Garke kuwa ba haka yake ba. A cikin shanu hamsin da mutum ɗaya ke kora, akwai na matarsa, akwai wadda aka ba yaro tun ranar suna, akwai habbanaye da aboki ya ba shi aro har ta haihu, akwai na Alhajin birni da ya kawo kiwo. In aka rubuta duka da sunan mai garke, ranar da ya rasu ko aka yi saɓani, kwamfuta za ta ba da shaidar da ba gaskiya ba, kuma alƙali zai iya yarda da ita fiye da bakin tsohuwa. Duk wanda za a yi wa rajista ya nace a rubuta kowace dabba da sunan mai ita na ainihi.

Sai canjin hannu. Sa ɗaya kan bi hannu huɗu ko biyar kafin ya kai mayankar Agege: makiyayi, ɗan kasuwar ƙauye, babban falke, mai tirela, mahauci. In ɗaya daga cikinsu bai sa an canja suna a kundi ba, na gaba da shi ya saya da kuɗinsa na halal amma na'ura na cewa san wani ne. A shingen hanya, tsakar dare, wannan ba ƙaramar fitina ba ce, kuma mun san yadda ake kashe irin wannan magana a hanyoyinmu. Saboda haka falke ya sa wannan cikin ciniki kamar yadda ake sa la'ada: ba a gama ba sai an juya suna, a gaban dillali.

Sannan jangali. Ba sai mun ɓoye ba, dattawa da yawa da suka bugo abin da ke ransu ke nan. Tun zamanin Turawa makiyayi ya koyi cewa wanda ya ƙidaya maka shanu gobe zai dawo da rasit. Tsoron ba na banza ba ne, kundin da ya san yawan dabbobinka zai iya zama na haraji. Shi ne kuma zai iya zama hujjarka ranar biyan diyya in annoba ta faɗa, ko wajen rabon allura da dusa, ko wajen neman bashi, tunda banki ba ya karɓar saniyar da ba zai iya tantancewa ba. Wanne zai zama, ya danganta da wa ke riƙe da kundin da abin da aka rubuta a doka. Wannan magana ce da arɗo-arɗo da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya da sarakunan kara ya kamata su zauna a kanta tun kafin a sauke katan-katan na ɗan kunne, su ji wa zai ga bayanan, ko za a miƙa wa masu haraji, me zai faru in kamfanin da ke riƙe da kwamfutar ya tattara ya tafi, kuma wa zai biya. A kasuwannin waje ɗan kunne ɗaya na kai dala biyu zuwa uku, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ba. A kan sa mai tsada ba komai ba ne. A kan akuya hamsin, lissafi ne. Najeriya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, don haka masu wannan gefen sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Wata baiwar Allah mai kiwon raguna ta tambaya ko yana cutar da dabba ko ya ɓata nama da nono. A'a. Ba ya fitar da komai sai an kira shi, kuma ƙarfin bai kai na wayar da ke aljihunki ba. Abin kula shi ne hudar. A sa shi a tsakiyar kunne tsakanin jijiyoyin nan biyu, kada a yi can baki inda ƙaya za ta fizge shi, a tsoma abin hudawa a maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin dabba da dabba, a kuma duba wurin bayan 'yan kwanaki, musamman da damina lokacin ƙuda. Ta kuma tambaya a kan ragon layya mai hudajjen kunne. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a yankinmu sun yi rangwame a kan ɗan abin da bai yi yawa ba a kunne, amma mai saye yana da nasa ido, wani ba ya son ganin ko ɗigo. In ragunan na kasuwar Sallah ne, ki tuntuɓi malamin unguwa, ki kuma ji bakin dillalanki kafin ki huda.